Kamfani ya ce sai likitansu zan gani, shin ba ni da ikon zaɓen nawa?

Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Bronx, cikin birnin New York, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu ƙarƙashin wani kamfani. Mako uku da suka wuce ina ɗaga tsohuwar da nake kula da ita daga gado zuwa keken guragu sai ta sulɓe, na tare ta da jikina, nan take na ji bayana ya amsa. Na kira matar da ke rarraba mana aiki a ofis, ta tura ni wani ƙaramin asibiti da suke hulɗa da shi. Likitan namiji ne, bai yi minti biyar da ni ba ya rubuta maganin ciwon jiki, ya ce in koma aiki bayan kwana uku. Anti, yanzu ko ruku'u ba na iyawa, a kujera nake salla, ciwon kuma yana sauka har ƙafata ta hagu. Da na ce zan je wurin likitata, sai matar ofis ta ce in ba likitansu na gani ba inshora ba za ta biya ko sisi ba. Ɗan yayata da ke aiki a Newark ya ce haka dokar take, shi ma haka aka yi masa. Jiya kuma wasiƙa ta zo daga kamfanin inshora, wai in je wani likita dabam ya duba ni. Maigidana ya ce in yi haƙuri kada in jawo a kore ni, ga takarduna ba su kammala ba. Da ma tun haihuwata ta ƙarshe bayan yakan ɗan taɓa ni, amma ban gaya musu ba. Yaya zan yi?

'Yar'uwarki a Bronx

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya kawo sauƙi.

Kafin mu shiga maganar doka, ciwon nan da kika ce yana sauka ƙafa shi ya fi tsaya mini a rai. Ciwon baya da ke bin ƙafa yawanci alama ce ta cewa akwai jijiyar da ta matsu, kuma irin wannan ba a sallamarsa da duban minti biyar. Idan kika ji ƙafar tana mutuwa ko tana rasa ƙarfi, ko tsakanin cinyoyinki ya dushe ba kya jin taɓawa, ko fitsari ko bayan gida ya fara kufce miki ko ya ƙi fita, kada ki jira izinin kowa. Ki tafi sashen gaggawa na asibitin da ya fi kusa da ke a daren nan. A halin gaggawa doka ba ta ɗaure ki da wani likita ko wani asibiti ba. Ki dai gaya musu tun a bakin kanta cewa a wurin aiki kika ji ciwon.

Yanzu ga amsar tambayarki. A jihar New York ma'aikacin da ya ji rauni shi ke zaɓen likitan da zai yi masa magani. Sharaɗin shi ne likitan ya kasance cikin waɗanda Hukumar Diyyar Ma'aikata ta jihar ta amince wa su duba masu irin wannan rauni, wadda a kan takardu za ki ga an rubuta sunanta Workers' Compensation Board. Kamfani yana iya ba ki shawara ya ce ga asibitin da muke hulɗa da shi, amma shawara ce, ba umarni ba. Har fom ɗin hukuma akwai, C-3.1, wanda aikinsa ke nan: ya sanar da ma'aikaci cewa zaɓin nasa ne, kuma ko ya yarda ya fara da likitan da aka nuna masa yana iya canzawa daga baya. Dokar jihar ma ta ɗauki yi wa ma'aikaci katsalandan a zaɓen likitansa a matsayin laifi. Saboda haka maganar matar ofis, yadda ta faɗe ta kai tsaye ba wani bayani, ba daidai ba ce.

Ɗan yayarki kuma bai yi miki ƙarya ba. Shi a New Jersey yake aiki, a can kuwa mai kamfani ko inshorarsa ne ke zaɓa wa ma'aikaci likita. A Amurka kowace jiha da tata dokar diyya. A Pennsylvania, idan kamfani ya liƙa jerin masu magani aƙalla shida kuma ya cika ƙa'idar sanarwa, ma'aikaci zai tsaya cikin jerin nan kwana 90 na farko. Wannan shi ke yawan rikita mutanenmu: wani ya ba da labarin abin da ya same shi da zuciya ɗaya, mai sauraro ya ɗauka dokar ƙasa ce baki ɗaya, alhali kogin Hudson da ke tsakanin New York da New Jersey kaɗai ya isa ya raba hukuncinsu.

Akwai togaciya guda da ya kamata ki bincika, don ita ce kaɗai za ta iya sa maganar matar ofis ta zama da ƙamshin gaskiya. Wasu kamfanonin inshora suna da rukunin likitoci da suka ƙulla yarjejeniya da su bisa amincewar jiha, ana kiransa PPO. Idan kamfaninku yana cikin irin wannan tsari, dole ki fara magani a wurin likitocin rukunin. Amma ko a nan ba a ɗaure ki da mutum ɗaya ba, doka ta ce a kowane fanni a ba ki aƙalla likita biyu ki zaɓa, kuma bayan kwana 30 da zuwanki na farko kina da ikon ficewa ki koma wurin duk likitan da hukumar ta amince da shi. Kuma dole ne a sanar da ke wannan tsari a rubuce. To ki tura wa ofis saƙon tes ko imel ki ce: shin kamfanin nan yana cikin PPO? In yana ciki a turo mini takardar da jerin likitocin. In sun turo, ki zaɓi wani daga ciki yanzu, ki kuma lura cewa mako uku cikin kwana 30 ɗin sun riga sun tafi. In sun yi shiru ko sun kama kame-kame, kin samu amsarki. Abu biyu ne kuma inshora ke iya tsare miki hanya a kansu ko da babu PPO: wurin ɗaukar hoto irin su MRI, da kantin da za ki karɓi magani. Idan sun aiko miki da sanarwa a rubuce cewa ga wuraren da suke hulɗa da su, ki bi, wannan ba abin jayayya ba ne.

Likitarki da kika saba da ita, ki kira ofishinta ki yi tambaya ɗaya: tana karɓar masu raunin wurin aiki? Likitoci da yawa ba sa karɓa saboda yawan cike-ciken takardu, kuma wannan ba laifinta ba ne. In ba ta karɓa, shafin hukumar a intanet yana da wurin neman likita ta fanni da ta unguwa. Ki nemi likitan ƙashi ko na jijiya da ya saba da ciwon baya. In kin fi sakewa da mace, ki nemi mace, haƙƙinki ne, kuma ina ganin a wurinki yana da muhimmanci. Macen da kunya ta hana ta nuna inda ciwo yake bi daga ƙugu zuwa cinya rabin bayani za ta yi, likita kuma abin da ya ji ya gani shi zai rubuta. Kada ki miƙa katin inshorar lafiyarki ta kullum a kan wannan ciwon, kada kuma ki biya daga aljihunki. Inshorar kamfani ce ke biyan likita kai tsaye. Za su iya ba ki wata takarda ki sa hannu cewa idan aka yanke hukunci raunin ba na aiki ba ne, ko kika yi watsi da neman haƙƙinki, kuɗin zai dawo kanki. Wannan takarda ce da aka saba bayarwa, kada ta tsorata ki, amma ta nuna miki cewa barin maganar a tsakiya ma yana da nasa hatsarin.

Ga dalilin da ya sa na dage a kan likita. A wannan tsari, likitan da ke yi miki magani ba lafiyarki kaɗai ke hannunsa ba, har da kuɗin cefanenki. Rahotonsa ne zai ce aiki ne ya jawo ciwon, shi ne kuma zai ce kashi nawa cikin ɗari kika gaza aiki. Lissafin da ake yi shi ne a ɗauki matsakaicin abin da kike samu a mako cikin shekarar da ta gabaci raunin, a ɗauki kashi biyu cikin ukunsa, a auna shi da yawan gazawar da likita ya rubuta. A ce dala 900 kike samu a mako. Idan likita ya ce ba kya iya aiki sam, dala 600 ke nan a mako. Idan ya ce kashi 75, ta koma 450. Idan kuma takardar da ke cikin fayil ɗinki ita ce ta likitan nan da ya ce ki koma aiki bayan kwana uku, to a idon inshora lafiyarki ƙalau, zaman da kike yi a gida ganin dama ne, babu abin da za su biya. A halin da ake ciki wannan takardar ita ke magana da yawunki, kuma kowace rana da ta wuce ba wani likita ya duba ki ya rubuta gaskiyar halin da kike ciki ba, rana ce da za ki sha wahalar karɓar kuɗinta daga baya. Akwai iyakar sama da ta ƙasa da doka ta sa wa kuɗin, suna kuma canzawa. Ba a biyan kwana bakwai na farko sai in gazawar ta wuce kwana 14, ke kuwa kin riga kin wuce. Idan kina yi wa kamfani biyu aiki, kamar yadda 'yan'uwanmu da yawa masu wannan sana'a ke yi, ki faɗa, domin ana iya haɗa albashin biyu a lissafin.

Idan kin zauna gaban sabon likitan, ina roƙonki ki ajiye wata ɗabi'a tamu a bakin ƙofa. Mu in an ce yaya jiki, ko mutum yana murƙususu zai ce alhamdulillahi da sauƙi. Godiya ga Allah tana nan a zuciyarki, amma likita bayani yake buƙata. Ki gaya masa abin da kika gaya mini: ba na iya sunkuyawa, a zaune nake salla, ba na iya ɗaukar tukunya daga murhu, in na tsaya minti kaza ƙafar hagu takan ɗauki zafi, ciwon yana tashe ni da dare. Ki ba shi labarin ranar daki-daki, yadda tsohuwar ta sulɓe da yadda kika tare ta. Ki lissafa duk inda ke ciwo tun zuwan farko, ko kafaɗa ce ko gwiwa, domin gaɓar da ba a rubuta da wuri ba tana da wuyar shigarwa daga baya. Ki kuma bayyana masa mene ne aikinki. Likitan da bai san kina ɗaga babban mutum daga gado zuwa bayi sau da yawa a yini ba zai iya ɗauka zama kawai kike yi kusa da tsohuwa kina miƙa mata magani. Kafin ki fita ki karɓi takardar da ta faɗi ko za ki iya aiki, da nauyin da aka hana ki ɗauka. Muddin kina gida kina karɓar kuɗin, kada ki bari kwana 90 su wuce ba sabon rahoto daga likita. Zuwa gashin ƙashi yana da amfani, amma ba ya maye gurbin wannan rahoton. Haka man zafi da tausa da ƙaho da za a yi ta kawo miki shawararsu, duk wanda za ki gwada ki fara tambayar likita, ki kuma sani babu ɗayansu da ke shiga fayil.

Ciwon bayan da kika ce yakan taɓa ki tun haihuwa, ki faɗe shi. Ki gaya wa likitanki, ki rubuta a fom inda aka tambaya, ki gaya wa likitan inshora. Na san abin da kike tsoro, kada a ce ai da ma can da ciwonki. Amma tsohon ciwon da bai hana ki aiki ba, sannan hatsarin aiki ya tayar da shi ya kwantar da ke, doka ta san da irinsa kuma ana biyan diyya a kansa. Abin da ke rusa mutum shi ne ɓoyewa. Inshora za ta iya samo tsofaffin takardun asibitinki, kuma in aka tabbatar mutum ya yi ƙarya da gangan a kan muhimmin abu don ya sami kuɗin, yana iya rasa kuɗin albashin gaba ɗaya. Ki faɗi yadda yake: da yakan zo ya tafi, ina aikina, bai taɓa sauka ƙafa ba, tun ranar nan kuwa ga yadda na koma.

Sai wasiƙar jiya. Wannan likita na uku dabam yake da duk wanda muka ambata. Shi ake kira IME. Inshora ce ta ɗauke shi, ita ke biyansa, ba zai yi miki magani ba, duba ki kawai zai yi ya rubuta ra'ayinsa. Wannan kam ba ki da ikon zaɓensa, kuma ki je, domin ƙin zuwa ba dalili yana iya sa a dakatar da kuɗinki. In ranar ba ta yi miki ba, ki kira tun da wuri a canza. Amma kina da haƙƙoƙi a ɗakin nan da mutane da yawa ba su sani ba. Dole sanarwar ta zo aƙalla kwana bakwai na aiki kafin ranar. Kina da ikon shiga da wanda kike so ya zauna tare da ke. Kina da ikon ɗaukar bidiyon duban daga farko har ƙarshe. Kuma dole a aiko miki da kwafin rahoton. Ki je da mutum, ki sa ya rubuta ƙarfe nawa likita ya shigo, ƙarfe nawa ya fita, me ya gwada. Kada ki ƙara wa ciwon gishiri, kada kuma ki cije ki sunkuya har ƙasa don kada a ce kin cika raki. Inda zafi ya tsayar da ke, ki tsaya ki faɗa. Sau da yawa rahoton wannan likita yakan nuna sauƙi fiye da na likitan da ke yi wa mutum magani. In hakan ta faru ba shi ne ƙarshen magana ba, alƙalin hukumar ne ke duba rahotannin biyu, yana iya sa a yi wa likitocin tambayoyi, sannan ya yanke. Kin ga ke nan in ba ki da naki likitan da ke bibiyar jikinki yana rubutawa, babu abin da alƙali zai ɗora a ɗaya gefen sikelin.

Ki kuma sani inshora takan sa a bi mutum da kyamara, takan leƙa Facebook da TikTok. Ba cewa nake ki kulle kanki a ɗaki ba. Amma in an yi suna ko biki kika daure kika tashi kika taka minti biyu don kada uwar amarya ta ji babu daɗi, wani ya ɗauka ya ɗora, babu wanda zai ɗauki hoton kwana biyun da kika yi a kwance bayan nan. Abin da likita ya hana ki, ki bar shi a ko'ina.

Akwai takardu biyu da ke kanki, ɗaya kuma ta gaggawa ce. Doka ta ce ki sanar da kamfani raunin a rubuce cikin kwana 30. Kiran waya kika yi, kuma tunda su suka tura ki asibiti da wuya su ce ba su sani ba, amma kada ki dogara da wannan. Yau ɗin nan ki rubuta ranar, da wurin, da yadda abin ya faru, da inda ke miki ciwo, ki tura ta imel ko tes, ki adana kwafi. Ta biyu ita ce fom C-3 da za ki shigar wa hukumar da kanki. Kina da shekara biyu, amma ki yi shi cikin makon nan, ana cikewa ta intanet. Hukumar tana ba da tafinta kyauta, ki nemi na Hausa, kada ki sa ɗanki ƙarami ya fassara miki maganar doka. Tana kuma da ofishin mai kare haƙƙin ma'aikatan da suka ji rauni, wanda ke taimakawa ba tare da an biya ba. Ki riƙa ajiye rasit na kuɗin mota zuwa asibiti, ana mayarwa.

Ganin an riga an fara yi miki wasa da hankali a kan likita, ga kuma batun tsohon ciwo, shawarata ki ɗauki lauyan da wannan ne fanninsa. Ba kya biyansa daga aljihu. Alƙalin hukumar ne ke amincewa da ladansa, a cire daga kuɗin da aka yanke miki. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi a hannu kafin ya fara, ki nemi wani. Likita ma ko lauya ne ya nuna miki shi, ki auna da kanki: yana sauraronki, yana taɓa inda ke ciwo, kina samun sauƙi? In ba haka ba kina iya canzawa, sai dai kada ya zama yau nan gobe can, don yawan tsalle yana raunana fayil.

Maigida kuma ina gaishe shi, tsoronsa ba na banza ba ne, kuma ba zan ɓoye muku gaskiya ba. Dokar diyya ba ta tilasta wa kamfani ya ajiye miki gurbinki har ki warke ba. Abin da ta haramta shi ne a kore ki ko a tsangwame ki saboda kin nemi diyya, in an yi haka kuma kina da shekara biyu ki kai ƙara gaban hukumar. Akwai wata dokar tarayya, FMLA, da ke kare aikin mutum har mako 12 idan kamfanin yana da ma'aikata 50 ko fiye, kuma mutumin ya yi musu shekara guda da aƙalla awa 1,250 cikin shekarar. Ki tambaya a rubuce ko kin cancanta. In kina cikin ƙungiyar ƙwadago, irin 1199SEIU da masu wannan aiki da yawa ke ciki, ki sanar da wakilinku. In kamfani ya ba ki aiki mara nauyi, ki kai wa likitanki bayaninsa a rubuce. In ya ce ya dace da jikinki ki karɓa, domin ƙi yana iya taɓa kuɗinki, idan kuma albashin ya ragu ana cike miki wani ɓangare na giɓin.

Batun takardu, a New York ana biyan diyyar rauni ba tare da la'akari da matsayin takardun zaman mutum ba. Ki gaya wa lauyan diyyar halin da kike ciki tun zaman farko, ki kuma sanar da lauyan da ke bin takardunku, don kowannensu ya san abin da ɗayan ke yi.

Ki gaya wa maigida wannan kuɗi ba sadaka ba ne, ba kuma rigima kika tayar ba. Inshora ce da doka ta wajabta wa kamfani ya saya domin irin wannan rana, an ma hana shi cire kuɗinta daga albashin ma'aikaci. Ba a tambayar laifin wa, ko naki ko nasu, a madadin haka kuma ma'aikaci ya bar kai mai kamfani kotu. A wannan birnin da kuke zaune, a watan Maris na 1911, gobara ta kashe ma'aikata 146 a masana'antar ɗinkin riguna ta Triangle, yawancinsu 'yan mata baƙi da suka yi ƙaura zuwa Amurka, kuma bayan wannan musiba ne jihar ta kafa dokar diyyar da ta fara aiki a 1914. Baƙi irinki na cikin waɗanda aka yi ta dominsu. Haƙurin da zai mayar da ke ɗaga mutum da matsattsiyar jijiya yana iya raba ki da sana'ar baki ɗaya, ita tsohuwar ma ba ta tsira ba in ƙafarki ta saki kina riƙe da ita. Ki roƙe shi ya ɗauki hutun rabin yini ya raka ki wurin likitan inshora, shi zai riƙe wayar ya ɗauki bidiyon.

Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.